Fason Baba da Turaren Rabi

Tun da na dawo daga Safana ban huta da tambaya ba. In na fita ɗibar ruwa a tare ni, in na je barka a tare ni, har matan da ke kawo wa maigidana ɗinki sai sun leƙo cikin gida sun ce, "Asabe, ya kika baro jikin tsoho?" Wasu don Allah suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ji an ce na zubar da kunya a garin mutane, so suke su ji daga bakina. To, na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta ga na yi laifi ta riƙe abinta, ni dai har yanzu raina a ɓace yake.

Mu mutanen Yasore ne. Aure ya kawo ni cikin Batsari, ƙanena Hamisu kuma sana'ar fawa ta kai shi Safana. Da Inna ta rasu, zaman ƙauye kuma ya gagara, sai Baba ya koma wurin Hamisu, don a wurinsa dattijo ba ya tarewa gidan mijin 'yarsa ko da sama za ta faɗo. Shi kuwa Hamisu da an kai amfanin gona gida yake ɗaukar wuƙaƙensa ya yi Kudu sayar da tsire, ba a ganinsa sai ruwa ya sauka. Gidan ya rage daga Baba sai matar Hamisu, Rabi, da 'yan ƙananan 'ya'yanta, su Ummi.

Baba ya daɗe da ciwon suga, kuma tun ina yarinya na san shi da faso. Da sanyi ya shigo diddigensa sai ya dare, wani lokaci har da jini. Amma bai taɓa kwantar da shi ba, saboda Inna. Kullum bayan magariba za ta ɗumama ruwa, ya tsoma ƙafa, ta goge masa kaushi a hankali da dutse, ta tsane, ta murje shi da man kaɗe tana yi masa faɗan yawo ba takalmi. Haka muka tashi muna gani, har ba ma ɗaukarsa a bakin aiki.

Wata maƙwabciyarmu ce ta je suna Safana ta dawo ta ce mini, "Ke Asabe, tsohonku fa an ce ya bar fita masallaci." Mutumin da ko ruwa ake da ƙanƙara sai ya je sahun gaba. Na kira Hamisu, ya ce, "Haba Yaya, ɗan faso ne, kin san shi da sanyi." Na kira Rabi, ta ce lafiya lau, ya ma ci tuwo. Da na ji bakinsu ya zo ɗaya sai hankalina ya ƙi kwanciya. Maigidana ya ce in shirya in je in gani da idona. Na cika roba da man kaɗe mai kyau, na ɗaure dafaffen rogo da ƙuli na tsaraba, don mutumin Batsari bai isa ya je ko'ina ba rogo a gane shi ba.

A tasha na tarar da a-kori-kura ɗaya tak mai zuwa Safana, an riga an cika ta da buhuna. Gaban mota maza biyu sun kame, ko kallon inda nake ba su yi ba. Aka ce in hau baya. Na hau, aka ba ni gurbi can ƙasa tsakanin buhu da buhu, sauran fasinja duk suna sama da ni, ƙafafunsu sun zo daidai fuskata. Ranar na ga ƙafafun ƙasar nan, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Kusan babu wanda diddigensa yake lafiya. Wani ya yi fari fat, wani ya tsage har kana hango jan nama, ga iska tana dukansu a cikin silifa.

Ni kuma bakina ba ya iya shiru. Na ce wa dattijon da ƙafarsa ta kusa shiga hancina, "Malam, wannan ƙafar ba ta da mai ita ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai wagga ta warke. Baƙin mai nika zuba mata, na inji. Kwana ukku ta haɗe."

Wani daga can ya ce shi kyandir yake narkawa ya ɗiga a cikin tsagar. Wani ya ce duk wasa suke, shi allura da zare yake sawa ya ɗinke abinsa, ya ɗaga ƙafar ya nuna mana, ga baƙin zare nan kuwa a jikin mutum kamar bakin buhu. Wata Bafulatana mai tallar nono ta ce duk a bar wahala a nemi man shanu. Ita kaɗai ce na ga ƙafarta sumul, don haka ita kaɗai na saurara. Na ce musu man inji na inji ne, zare na riga ne, ƙafa kuma ruwan ɗumi take so da mai da takalmi mai rufi. Mai baƙin man ya ce, "Ka ji mata. Wa ad da lokacin wanga?" Na ce lokacin zama a bakin kasuwa ana gulma dai ai bai taɓa ƙarewa ba. Mota ta ɗauki dariya, shi kuma ya janye ƙafarsa daga fuskata, wanda dama shi nake nema.

Inda ƙasar Batsari ta ƙare ta Safana ta fara akwai shinge na masu tsaron hanya. Kowa ya san dalili, kuma ban ga laifinsu ba, ana bincika kaya don kada a kai wa mutanen daji abinci ko magani. Aka ce kowa ya sauko da nasa. Wani dogo ya buɗe robata, ya shinshina, ya ce mene ne wannan, wa zan kai wa mai da yawa haka? Na ce man kaɗe ne, ubana zan kai wa. Bai yarda ba sai da ya karyo tsinke ya caccaka shi har ƙasa. Man da na tace da hannuna. Na haɗiye maganar da ta zo mini, na sunkuyar da kai, sai idona ya faɗa kan ƙafarsa. Shi ma ga diddige nan a dare, yana tsayuwa a kan gefen ƙafa saboda zafi. Na ce, "Tunda ka riga ka ɓata saman, miƙo hannu." Na kwashe inda tsinken ya taɓa na dangwara masa a tafi. Ya tsaya riƙe da mai a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya, sai ya ce mu wuce.

Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Direba ya shiga sauri yana kallon rana, don babu mai son yamma ta same shi a wannan hanyar. Muka zauna bakin titi cikin sanyi, na kwance rogon tsaraba muka ci rabi. Ana kiran la'asar muka shiga Safana.

Abin da ya fara tarbata a gidan Hamisu ƙamshi ne. Tun daga zaure turaren wuta ya cika ko'ina, har ina cewa a raina yarinyar nan Rabi akwai tsabta. Ta fito da gudu ta karɓi kayana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa da kunu. Yarinya ce mai ladabi, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma a da wannan shi ne abin da nake yabonta da shi.

Ɗakin Baba yana nan kusa da zaure. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Sai na bayyana wa wanda bai sani ba: ni ce 'yar fari, don haka tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kallon idona, magana ma sai ya juya ta kamar da wani yake yi. Yana zaune kan tabarma ya lulluɓa da bargo, ƙafafunsa cikin safa mai kauri, ya miƙe su dab da kaskon garwashi. Ya rame.

"Baba ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. An zo lahiya? Ya mutanen gidan? Ya yaran? Ya hanya?"

Muka yi ta jera gaisuwa har ta ƙare. Na ce, "Baba, an ce ƙafa ta hana ka fita."

Ya dubi bango ya ce, "Ɗari ne kawai. Da ya wuce shi ke nan."

"A bari in gani mana, na zo da man kaɗe."

"A aje nan. A je a huta, an sha hanya."

Na ajiye na fita, don haka aka koya mini. A bayan ƙofa na hango robobin man da nake aikowa da direbobi tun farkon sanyi, a jere, ko murfinsu ba a buɗe ba.

A ɗakin Rabi na sauka, ta bar mini gado ta kwanta ƙasa da yaran. Abincinsu bai bambanta da namu ba sai a abu ɗaya: su Safana tuwon dawarsu da tauri suke tuƙa shi, ka ce gini za a yi da shi, miyar kuka kuma tsululu. Na ga kuma kunun da ake kai wa Baba da sukari ake damawa. Na tambaya, Rabi ta ce ai haka yake so, ita ba ta iya kai masa salam ba. Na lura da yadda suke zama. Ta kai kwano ta ajiye bakin ƙofa, ta ce wa iska, "Ga abinci nan," ta juya da sauri. In shi yana son abu, sai ya ɗaga murya ya ce, "A ce ma mutanen gida a ƙaro garwashi." Gida ɗaya suke, amma ban ga ranar da suka haɗa ido ba. Mu ma a Batsari muna kunyar suruki, ban ce ba ma yi ba, amma irin tasu ta wuce tamu.

Washegari da safe na fito na ga Baba ta ƙofa yana taimama, ga buta cike a gefensa. Na ga Rabi ta zo da wani kaskon ta ajiye a bakin ɗakin, ta zuba turare. Kafin hayaƙin ya tashi iska ta kaɗo daga cikin ɗakin, sai na ji shi. Duk wadda ta taɓa mance nama a kwano ta san warin.

Na ja hannun Rabi zuwa madafa. Na ce, "Rabi, turaren nan na mene ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Tun yaushe kike jin warin nan?"

Sai hawaye. Ta ce, "Yaya, an kwana biyu. Tun kahin a gama sussuka."

"Kika gaya wa wa?"

"Yaya, ta yaya zan buɗe baki in ce ɗakin Baba shina wari? Ni? In ce ma wa? Na dai ce ma baban su Ummi ƙahwar ta matsa, ya ce a sai mai. Ni kuma na ga in baƙi sun shigo kar su ji, shi ya sa nika sa turare."

Wallahi ban taɓa jin ɓacin rai irin na wannan safiyar ba. Yarinyar nan ba muguwa ba ce. Tana tashi da asuba ta dafa masa ruwa, tana wanke masa tufafi, tana hana yaranta ƙara don kada su dame shi. Ta ji ƙafar mutum tana ruɓewa, sai abin da tarbiyyarta ta ba ta shi ne ta saya masa turare. Kuma na san da ta je ta ce a cire safar nan ta gani, matan unguwa da sun ce matar Hamisu ba ta da ta ido. Na rasa wa zan kama da faɗa, ita ko waɗanda suka rene mu duka.

Na ɗumama ruwa na zuba a baho, na ɗauka na nufi ɗakin. Na tarar da Malam Iro, abokin hirar Baba, wani tsoho maƙwabcinsu da idonsa ya fara rauni. Ban tsaya bakin ƙofa ba, na shige har gaban tabarma na dire bahon.

Baba ya ce wa bango, "A hita da ruwan nan."

Na ce, "Baba, yau kam sai dai ka yi haƙuri." Na janye kaskon, na kama ƙafarsa ta dama.

Malam Iro ya ce, "Subhanallahi. Ke ɗiyar nan, ba ke ce ta fari ba? Ina kunya?"

Na ce, "Malam, na baro ta Batsari, in na koma zan ɗauka."

Baba ya yi ƙoƙarin janye ƙafar, amma babu ƙarfi. Safar ta ƙi fita, ta manne da nama. Sai da na jiƙa ta na yi ta ɓamɓarowa a hankali, ina jiran ya yi ƙara, bai ko motsa ba. Wannan ya fi komai tsorata ni. Da ta fita, Malam Iro da ba ya gani sosai ma sai da ya kau da kai. Diddigen ya rami, cike da ruwa da wani baƙin abu. Babban yatsa kuwa ya yi baƙi ƙirin, ya ƙanƙance, fatar gefensa ta saɓule.

Na ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Malam Iro ya fara in-ina. Ashe da fason ya matsa, shi ya kira mai yankan farce ranar kasuwa, ya zo ya fere kaushin da reza, hannu ya zarce. Da jini ya ƙi tsayawa suka aika gareji aka samo baƙin mai aka cika ramin, aka sa safa, ba a sake cirewa ba. Yatsan kuma garwashi ne. Baba yana miƙa ƙafa jikin kasko don sanyi, ciwon suga ya kashe masa jin zafi, wuta ta ci shi bai sani ba.

Malam Iro ya ce, "Mu haka muka gada. Ni ma shi nika sawa."

Na ce, "Kai kana da suga?" Ya ce a'a. Na ce to ya riƙe gadonsa a ƙafarsa.

Na san na yi wa dattijo tsawa, kuma na san abin da aka kawo muku Batsari ke nan. Ba a kawo muku warin ba.

Na fita na samo mota. A asibitin garin suka duba suka wanke, suka ce wannan sai babban asibiti, kuma yau ba gobe ba. Muka wuce. Likitan da ya gan shi bai ɓoye mini komai ba. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, sai an cire. Diddigen ana sa ran zai cike in an kula. Ya nuna mini wani ja da ya fara hawa sama da idon sawu, ya ce in wannan ya ci gaba, maganar ba ta yatsa ba ce kuma, ta gwiwa ce.

Na kira Hamisu. Ya ce, "Yaya, kar a yanke ma Baba komi sai na zo. Mi mutane za su ce, an yanke ma uba yatsa ɗansa bai nan?"

Na ce, "Yaushe za ka zo?"

Ya ce kasuwa ta buɗe yanzu, sai dai in an kwana biyu.

Abin da na gaya masa ba zan maimaita a nan ba, don ɗan uwana ne. Na dai tuna masa cewa shi mahauci ne, ya fi kowa sanin abin da ke faruwa da nama in an ce a jira. Na kashe wayar.

Saura shi mai ƙafar. Na koma na durƙusa gefen gadon na gaya masa abin da likita ya ce. Ya dubi silin. Ya ce, ba da ni ba, da likitan, "In an cire, mutum na iya tsayuwa sahu?"

Likita ya ce, "Za ka tsaya, Baba. Amma in an bari, sai dai a kujera."

Ya ce, "To a cire."

Aka cire. Na fita waje na zauna kan dakali na yi kuka mai isata, rabi na tausayi, rabi na haushi. Yatsan da ya taka gona shekara da shekaru ya tafi saboda abin da ruwan ɗumi da ɗan mai da ido ɗaya mai dubawa za su hana.

Mun ɗan jima a asibitin. Kwanan jinya kowa ya san shi, tabarma a baranda, sanyi yana shiga ƙashi, abinci sai abin da masu talla suka kawo bakin ƙofa. Matan da muka yi zaman tare sun riƙe ni kamar 'yar uwa, wata daga wajen Darini ma ta ba ni aron bargo. Kafin a sallame mu wata nas ta zaunar da ni ta karanta mini abin da za a riƙa yi. Shi raunin ƙafar za a riƙa kai shi wanki asibitin Safana. Amma sauran na gida ne, kuma kullum ne: a wanke ƙafa da ruwa mai ɗumi kaɗan, mai wankin ya fara gwadawa da gwiwar hannunsa don shi Baba ba zai ji in ya yi zafi ba. A tsane sosai, har tsakanin yatsu. A shafa mai a diddige da tafin ƙafa da bayanta, ban da tsakanin yatsu, don wurin in ya jiƙe yakan ruɓe. Safa mai tsabta kowace rana, takalmi mai rufi ko a tsakar gida. Ba reza, ba kasko kusa da ƙafa. Ta ce, "Abin da ya fi duka, wani ya duba ƙafar nan da idonsa kullum, sama da ƙasa. Shi ba zai ji ba, kuma ba ya iya sunkuyawa ya gani. In aka sake, ɗayar ma haka za ta yi."

Na ce to. A mota muna komawa Safana nake tambayar kaina, wane ne wanin?

Na ce Baba ya biyo ni Batsari. Ya ce wa tagar mota ba a yi haka ba. Maigidana ya bar ɗinkinsa ya zo takanas, ya durƙusa ya roƙe shi, ya ce ɗaki na nan a share. Baba ya sa masa albarka har ya gaji, sannan ya ce shi ba zai kwana ƙarƙashin rufin suruki ba, a bar shi inda yake. Hamisu ya turo abin da ya turo ya ce sai damina. Malam Iro ya ce shi zai riƙa dubawa, mutumin da ke gaishe da turmi yana zaton mutum ne. Ni kuma ina da yara 'yan makaranta da miji da gida, na riga na daɗe, ba zan tare a Safana ba.

Saura Rabi. Duk kwanakin da na ƙara ni nake wankin, ina kiranta ta zo ta gani, tana tsayawa daga nesa da baho a hannu. Na lallashe ta, na yi faɗa, na ce mata lada ne, na ce mata in ƙafar nan ta tafi har da hannunta. Ta ce, "Yaya, ko na yarda shi ba ya yarda. In na shiga ɗakin nan na zauna gabanshi, wallahi ya gwammace a yanke." Kuma gaskiya ta faɗa. Da na gwada yi masa zancen, bargo ya ja ya rufe kansa.

Ana gobe zan tafi, da dare na haɗa kayana raina a jagule. Na riga na saddaƙar cewa zan dawo kafin sanyi ya wuce in tarar da ɗaya ƙafar a cikin turare. Masu cewa na zubar da kunya, ga amsarku: da na san inda ake zubar da ita gaba ɗaya, da na kwashe ta gidan nan na kai.

Da safe na idar da salla ina naɗe abin salla, sai na ji motsin baho a tsakar gida. Na leƙa. Rabi ce. Ta samo tsohon asabari ta rataya a ƙofar Baba, ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, ya bar 'yar tazara. Ta shimfiɗa buhu a waje, ta ajiye ruwa da tsumma mai tsabta da robar mai. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta jira kaɗan, ta sake tsomawa. Sannan ta dubi katanga ta ce da ƙaramar murya, "A ce ma masu ɗaki ruwa ya yi daidai."

Na tsaya riƙe da labule ina kallo. Har na fara cewa a raina shi ke nan, sai na ji tabarma ta yi ƙara a ciki, ana jan jiki a hankali. Ƙafar hagu ta leƙo ta ƙarƙashin asabarin, ta tsaya a kan buhun.

Rabi ta cire safar. Ta wanke, ta tsane yatsa bayan yatsa, ta ɗaga diddigen ta kai fuskarta kusa ta duba ƙasansa kamar yadda ta ga ina yi. Ta lakato mai ta murza har ya shige, ta kauce wa tsakanin yatsu. Ba ta gan shi ba, bai gan ta ba. Ta sa masa sabuwar safa, ƙafar ta koma ciki.

Ta share hannu a zaninta, ta sake duban katangar.

"A miƙo ɗayar."

Mai bandejin ta fito, da yatsunta huɗu, Rabi ta tara hannu biyu ta karɓe ta.